Kafin ka juye ciyawar ruwan da ka sayo a tankin kifinka

Wani matashi mai kiwon tarwaɗa a Ƙofa ya aiko mana da tambaya. Ya ce shi da wasu masu ƙananan tankuna irinsa, daga Bebeji da Tiga da Kwanar Ɗangora har Tudun Wada, sun saba haɗuwa jefi-jefi a ƙofar gidan ɗayansu, kowa ya zo da abin da ya yi masa yawa. Wannan ya kawo tsohon tankin tamfol, wancan injin hura iska, wani ragowar buhun abinci, wani kuma bokiti cike da azola, ƙaramar ciyawar nan mai yawo a saman ruwa da ake ta tallarta yanzu wai tana rage kuɗin abincin kifi da kaji. Akan saya, akan yi musaya. A haɗuwarsu ta baya ya sayo azola da raga, da isarsa gida ya juye bokitin a tankin 'ya'yan kifinsa. Ba a yi mako biyu ba kifin suka fara goga jiki a bango, suka rage cin abinci, kullum da safe sai ya tsame matattu, ga ƙananan dodon koɗi sun bayyana a jikin tankin. Yana tambaya ko cutarsa aka yi, kuma ko ya janye daga wannan haɗuwa.

Ɗan'uwa, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Ba na ba ka shawarar janyewa. Mai ƙaramin jari ba shi da gata irin ɗan'uwansa mai ƙaramin jari, kuma abin da za ka saya sabo a Kano da tsada, ga kuɗin mota, a nan ka same shi da rahusa. Ba na kuma zaton da gangan aka cuce ka. Mai yiwuwa wanda ya sayar maka bai ma san abin da ke cikin ruwansa ba, domin manyan kifi sukan ɗauki ƙwayar cuta su yi ta harkarsu lafiya, sai ta samu 'ya'yan kifi ta kwantar da su. Kai azola ka biya wa kuɗi, amma ruwan da ta zo a ciki da damshin da ke jikin ragar su ma sun biyo ka gida.

Mu fara da kifin da suka rage. Goga jiki da yawan yauƙi da taruwa a bakin ruwa alamu ne na ƙananan halittun da ke manne wa fata da wurin numfashin kifi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ɗaya daga cikinsu ita ke sa fararen ɗigo a jiki. Kwashe azolar duka yau. Sauya kamar rabin ruwan, ka dakatar da abinci na yini guda, sannan ka narkar da gishiri giram 3 a kowace lita, wato kilo 3 a tankin lita 1,000. Narkar da shi a bokiti ka zuba a hankali. Ka ci gaba da haka kamar mako guda, duk lokacin da ka sauya ruwa ka mayar da gishirin daidai ruwan da ka zubar. Matattun kifi a binne su, kada a jefa wa sauran ko a watsar a kwata. Ina roƙonka kada ka farfasa kafson ja da yalo a tanki yadda ake yi barkatai. Wannan magani ba ya kashe irin waɗannan halittu, ruwa kawai yake ɓatawa, ya kuma sa ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Idan mutuwar ba ta lafa ba bayan kwana uku, ɗauki kifi biyu ko uku masu rai da suka nuna alamar ciwo ka kai wa ma'aikatan kifi a Bagauda, ko malamin gona na KNARDA ya haɗa ka da wanda zai duba su. Mataccen kifi ba ya nuna komai, domin halittun na barin jikinsa da zarar ya mutu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne dodon koɗin nan, kuma ba don kifi ba. Yankinmu yankin dam ne. Tun da aka kammala Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ga kuma Bagauda da Ruwan Kanya da hanyoyin ban ruwa da suka miƙa zuwa Kadawa da Kura, ruwa mai tafiya a hankali ya wadata rani da damina, kuma irin ruwan da ƙananan dodon koɗi ke so ke nan. Wasu daga cikinsu su ne masaukin tsutsar tsargiya. Tsutsar takan fito daga jikin dodon koɗi ta yi iyo a ruwa, ta huda fatar mutum ta shiga ba tare da ya ji komai ba, sai bayan watanni yaro ya fara fitsarin jini. Ba kowane dodon koɗi ke ɗauke da ita ba, sai wanda ya zauna a ruwan da mai cutar ya yi fitsari a ciki. To amma idan an ɗebo ciyawar daga gefen dam ko kududdufin gari, wa zai ba ka tabbaci? Tankin nan a tsakar gida yake, ƙannenka na tsoma hannu a ciki. Akwai kuma wani nau'in dodon koɗin da ke ɗaukar tsutsar ciwon hanta na dabbobi. Ita idan ta fito, a jikin ganyen ruwa take maƙalewa ta jira saniya ko tunkiya ta ci. Wanda ya kwaso ciyawar ruwan da bai san asalinta ba ya zuba wa tumakinsa ɗanya, zai iya ganin suna ramewa, haɓa na kumbura, yana ta zargin dusa. Duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani mai suna farazikwantel kuma yana aiki sosai. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka.

Maganin wannan duka shi ne killacewa, kuma ba ta cin kuɗi. Azola da ƙanwarta ƙaramar ciyawar agwagi suna ninka yawansu cikin ƙasa da mako guda idan sun sami abin da suke so, saboda haka babu dalilin sayen bokiti guda. Sayi cikin tafin hannu. Zubar da ruwan da ta zo a ciki a busasshiyar ƙasa, ka wanke ta sau biyu ko uku a ruwan rijiya ko na burtsatse, kana dubawa ka tsince dodon koɗi da matsattsaku da talibamban da duk wani ƙwaro. Ƙwan dodon koɗi ɗan dunƙule ne mai santsi, garai-garai, manne a ƙarƙashin ganye, shi ya sa wanki kaɗai ba ya isa. Zuba ta a baho wanda babu kifi, a inuwa mai ɗan haske. Bayan mako guda ɗebi mai kyau daga sama ka mayar sabon baho da sabon ruwa, ka shanya sauran. Maimaita haka har mako uku. A wannan tsakani halittar fararen ɗigo ta mutu don ba ta sami kifin da za ta hau ba, ƙwan da ya ɓuya kuma ya ƙyanƙyashe ka gan shi. Kada ka sa mata gishiri, kashe ta zai yi. Idan kana wannan aiki sa safar hannu ta roba ko leda.

Tunda mun zo kan azola, bari in faɗi gaskiyarta, domin masu talla sun zuzuta ta fiye da kima. Ciyawa ce mai amfani, manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna takin gona da ita, saboda wata ƙaramar halitta da ke zaune a ganyenta tana jawo sinadarin naitirojin daga iska. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyarta ruwa ne. Kilo 10 idan ka shanya ba zai ba ka kilo 1 cikakke ba, kuma a busasshen ma furotin bai cika wuce kashi 20 zuwa 30 ba. Tarwaɗa ta fi karkata ga cin nama, tana son abinci mai furotin wajen kashi 40. Karfasa da agwagi da kaji su za su more ta, su ma a matsayin ƙari. Sannan ba ta jure zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu, idan babu rumfa, za ta yi ja ta narke.

Kayan aiki na hannu kuwa, dokarsu ɗaya ce: babu abin da zai shiga tankinka da damshin gidan wani. Raga da bokiti da tiyo da tamfol a wanke su da buroshi, a jiƙa su rabin awa zuwa awa guda a ruwan bilic, kamar ƙaramin cokali guda da ɗan ɗoriya a kowace lita, a ɗauraye sosai, a shanya a rana kwana biyu har warin ya tafi. Ragowar bilic na kashe kifi nan take, don haka kada a yi gaggawa. Tankin tamfol kada ka biya sai an cika shi da ruwa ya kwana, domin a maɗinka da kusurwa yake yoyo, kuma ba a gane wannan a naɗe. Haka akwatin gilashi na kifin ado da wasu ke sayowa daga birni: duba gam ɗin kusurwoyi, ka kuma tuna lita 100 kilo 100 ne kafin ka ɗora shi a kan tebur. Inji a kunna shi a gabanka ya yi aiki har ya ɗau zafi. Duro ko jarkar da ba ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, bar ta ko kyauta ce. A yankin noma irin namu sau da yawa maganin feshi ne, roba kuma tana riƙe shi. Buɗaɗɗen buhun abinci ka shinshina, ka tura hannu har ƙasa. In ya dunƙule, ko yana warin tsohon mai ko fumfuna, ba shi da araha ko nawa aka ce.

'Ya'yan kifi su ma tankinsu daban na mako biyu, da ragarsu daban. Ka kula da masu babban kai da siririn jiki, tsumburarru ne da aka tace aka bari, ba za su yi girman kirki ba. Ka nemi a hana su abinci kwana guda kafin ɗauka, a ɗauko su da sassafe. Masu kiwo a wajen Doguwa da Riruwai, inda sanyin hunturu ya fi tsanani, gara su jinkirta sayen ƙanana a Disamba da Janairu.

Idan kai ne mai sayarwa, ka san hukuncin ɓoye aibin kaya, malamanmu sun sha faɗa. A wannan sana'a aibin ba ya ganuwa, sai ka faɗa da bakinka: daga ina ka ɗebo ciyawar, an yi mutuwa a tankinka kwanan nan ko ba a yi ba, yaushe ka buɗe buhun. Zai yi kyau ku mayar da waɗannan tambayoyi ƙa'idar haɗuwarku, yadda ba wanda zai ji an zarge shi don an tambaye shi.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga cinikinku ba sam. Hausawa kan ce kainuwa dashen Allah, amma akwai wata baƙuwar ciyawar ruwa mai kumburarren kara da fure shuɗi-shuɗi mai ban sha'awa wadda ita dashen mutum ce. Daga Kudancin Amurka take, don kyan furenta aka riƙa yawo da ita ƙasa-ƙasa. A 1984 ta shigo ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin, ta toshe hanyoyin jirage a Legas, daga baya ta kai Kainji. Takan ninka cikin kamar mako biyu, irinta kuma yana shekaru a cikin laka bai mutu ba. Ita kanta azola, wani nau'inta da aka kai Afirka ta Kudu a 1948 don ado ya rufe madatsun ruwansu, sai da suka saki wani ƙwaro mai cin ta a 1997 kafin suka shawo kanta. Mu da muka ga yadda kacala ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi a Haɗejiya da Nguru ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Kogin Kano ta Doguwa da Tudun Wada yake biyowa ya zuba a Tiga, daga nan ruwan ya bi hanyoyin ban ruwa, ya gangara Wudil har Haɗejiya. Abin da aka watsar a rafi a sama, manomin ƙasa ne zai yi ta fama da shi.

Don haka idan ciyawa ta yi maka yawa, baza ta a busasshiyar ƙasa nesa da kwata da rafi, ta bushe ƙarau, ka zuba a ramin taki. Mai furen nan kuwa a ƙone ta bayan ta bushe saboda irinta. Ruwan tanki ma a ba wa bishiya ko lambu, a tare bakin bututun da 'yar raga mai ƙananan ido, musamman da damina lokacin da kowace kwata ke kaiwa rafi.