Kafin ku saka 'ya'yan mutane a jirgi a dam ɗin Goronyo

Ni ɗan Tursa ne, a ƙasar Raba, kuma a gidan masunta na tashi. Shekara 11 ke nan ina yi wa baƙi jagora a yankinmu, yawanci 'yan makaranta, wani lokaci iyali guda daga Sakkwato ko Gusau. Abin da ya faru kwana uku bayan Babbar Sallah har yau bai bar zuciyata ba.

Wata makaranta ce ta neme ni, yara 32, malamai biyu, bas ɗaya. Muka fara da Raba, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Daga nan sai Wurno, inda hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya zauna garin a matsayin ribaɗi har ya rasu a 1837. Yaran suka nutsu, suka yi addu'a, malamai suka sayi albasa da tafarnuwa na tsaraba. Bayan Azahar muka isa dam.

Tun a mota na gaya wa babban malamin cewa babu mai shiga ruwa sai na kira dattijo mai jirgin da nake aiki da shi. Rigunan kariya takwas gare shi, mutum takwas yake ɗauka, ko gwamna ne ba ya ƙara ɗaya. Malamin ya ce kuɗin sun yi yawa, kuma sawu huɗu ɓata lokaci ne. Na ce, "Malam, ka ba ni minti goma." Kafin in dawo, wani saurayi mai kwale-kwale duk faci ya yi masa rabin farashi. Na tarar da yara 15 a ciki, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi yatsa huɗu ba, ko ƙwaryar kwarfar ruwa babu.

Ina cikin yi wa saurayin ihu ya dawo, wani yaro ya miƙe zai ɗauki hoto da waya, sauran suka karkato gefe guda don su fito a hoton. Shi ke nan.

Allah Ya sa akwai masunta a gaɓa suna gyaran kalli. Suka faɗa da goruna, muka riƙa jawo yara ana ƙirgawa. Aka samu 14. Na yi nutso sau biyu ban ga komai ba, ruwan duk laka. A na uku hannuna ya taɓa ƙafa. Wandon yaron ne ya sarƙe a ƙugiyoyin tsohon mamari da ya nannaɗe wani kututture. Da wuƙa na yanke igiyar.

Muka fito da shi ba ya numfashi, yaro ɗan shekara 12. Nan fa masu ilimin banza suka taso. Wani ya kama ƙafafunsa zai zazzage shi, wani zai taka masa ciki, wata na cewa a nemo manja. Sai da na ture su da ƙarfi na shimfiɗa shi, na hura masa iska, na shiga danna ƙirji. Can ya yi amai, ya fashe da kuka. Mai kwale-kwalen tuni ya gudu. Shi kuwa malamin cewa ya yi tunda ya farfaɗo a sa shi a bas a tafi gida. Na ce wallahi sai asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo cikin dare. Ya kwana a can.

Dam ba rafin bayan gari ba ne. An kammala shi a 1984 a kan Gulbin Rima, yana iya riƙe ruwa miliyan 942 na mita kubik, kuma don noman rani da ruwan sha aka gina shi. Ƙarƙashinsa akwai tsohuwar hanyar gulbi da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai gurbi. Wanda ya iya iyo a kududdufin unguwa ya daina yaudarar kansa.

Babu riga, babu shiga. Kada a miƙe a jirgi. Wanda aka tsamo, numfashinsa ake nema, ba ruwan cikinsa ba. In matuƙi ya ce mutum takwas, takwas ne, ku daina roƙonsa ya ƙara ɗaya, kuma wanda ya yi muku rabin farashi ku tambaye shi rigunansa nawa. Da la'asar iska kan tashi, ku fito kafin nan. Ga tsargiya kuma ga masu wanka a gaɓa.

Ba mu manta da watan Agustan 2025 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Waɗannan mutanen gaɓa ne, kullum a ruwa suke, balle yaran birni da ba su taɓa riƙe filafili ba. Na sake faɗa, babu riga, babu shiga.

Ku zo, muna son baƙi. Ku hau bangon dam ku ga faɗin ruwa, ku ci soyayyar karfasa, ku kalli gonakin shinkafa, jirgin ma ku shiga in an cika sharaɗi.

Mako guda bayan hatsarin namu, mahaifiyar yaron da na tsamo ta kira ni. Ta yi godiya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, takardar da babansa ya sa wa hannu ziyarar wuraren tarihi aka rubuta. Babu maganar jirgi a ciki."