Baƙo a Diffa: Kafin Ka Sauke Kaya

Idan yawon buɗe ido ne ya sa kake ɗokin ganin Diffa da bakin Komadugu, ka jinkirta tafiyar zuwa wani lokaci. Ƙasar tana da kyau, kuma mutanenta, Barebari da Fulani da Tubawa da Larabawa da Hausawa, masu karɓar baƙo ne, amma ba yanzu ake zuwa kallo ba. Maganata da wanda nema ko aiki ya kawo shi ce: ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi mai sarin tattasai da bandar kifi, malamin makaranta ko malamin asibiti da aka turo daga Yamai, ma'aikacin agaji daga Kamaru ko Turai, injiniyan da zai wuce rijiyoyin mai na Agadem, ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Diffa. Dukanku baƙi ne, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, baƙo ko da ido makaho ne.

Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015, da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, jihar ba ta koma yadda take ba. Cikin kwanaki kaɗan aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka dakatar da cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci saboda zargin 'yan bindiga suna karɓar haraji a kansu. An sassauta wasu daga cikin dokokin nan daga baya, wasu kuma sukan dawo in lamari ya ɓaci. Don haka labarin wanda ya zo bara ba zai ishe ka ba. Ranar da ka sauka, ka tambayi ƙarfe nawa ake shiga gida, wane irin abin hawa aka yarda da shi, wace hanya ce a rufe.

Wa za ka tambaya? Nan gizo yake saƙa. Abin da ya fi tsare baƙo a Diffa shi ne mai masauki na ƙwarai, mutumin da aka san gidansa da iyayensa, wanda zai iya tsaya maka a gaban jandarma ya ce wannan baƙona ne. Ka same shi tun kafin ka bar gida, ta hannun wanda ka yarda da shi, kada ka dogara da wanda ya tare ka a tasha yana maka fara'a. Idan ka iso, ka roƙe shi ya kai ka ka gaida mai unguwa. In aikinka na ƙauye ne, ka fara da bulama ko lawan, ka zauna, ka sha ruwa, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. Wasu ma'aikata suna ganin wannan ɓata lokaci ne tun da suna riƙe da takardar gwamna. Kuskure ne babba. Takarda tana buɗe maka shingen soja, amma bulama ne zai aiko yaro da asuba ya ce yau kada ku zo, an ga baƙin fuskoki a bakin ruwa. Kuma in mai masauki ya ce kada ka je wuri, ka haƙura ko da bai faɗi dalili ba. Sau da yawa faɗin dalilin ne zai jefa shi cikin haɗari.

Haɗari biyu ne ke gaban baƙo, kuma da yawa ɗaya kawai suke gani. Na farko 'yan bindiga. Na biyu zargi. A garin da ya ga 'yan ƙunar baƙin wake, kamar yadda aka yi a unguwar Diffa Kura a watan Yunin 2018, fuskar da ba a sani ba abin tuhuma ce, musamman ta saurayi da ya fito daga Najeriya. Katin shaidarka ko fasfo ya kasance a jikinka kullum, da takardar aiki ko ta kasuwanci, da lambar mai masauki a rubuce a takarda. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ka bincika a ofishin jakadanci irin takardun da ake nema kafin ka kama hanya. Wanda ya fito daga wajen Afirka kuwa ya sani hukumomi suna tilasta rakiyar jami'an tsaro in zai fita wajen Yamai, kuma tun daga can ake shirya ta. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe waƙa, hannuwanka su kasance a fili, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Kada ka ɗauki hoton bariki, gada, ayarin soja ko filin jirgi. Hoto ɗaya a waya ya isa ya kwanar da mutum a hannun hukuma.

Sai kogin kansa, wanda baƙi ba su cika fahimtarsa ba. Komadugu Yobe shi ne iyakar Nijar da Najeriya a nan, kuma garin Diffa yana bakinsa. Tsallake kuwa ƙasar Borno ce, Damasak ba ta da nisa. Ruwan yakan iso da damina, ya cika maƙil wajen ƙarshen shekara, sa'annan ya janye da rani har a wasu wurare a taka da ƙafa. In ya cika, haɗarinsa ambaliya ne, kamar ta 2019 da ta 2022 da suka raba dubban mutane da gidajensu, suka ci gonakin tattasai da shinkafa. In ya janye, katangar da ke tsakanin gari da masu ɗauke da makamai ta faɗi, kuma mutanen yankin sun san lokacin ne ake ƙara sa ido. Don haka ɗan kasuwar da ke son ya bi manomi har gona don ya samu sauƙin buhu, ya auna ribar da ransa. Ka saya a kasuwar gari, ko ka bar dillali ɗan ƙasa ya haɗa maka kaya. Gadar Dutsi da ke kudu da gari ta sha hare-hare, har da na watan Mayun 2020. Ba wurin shan iska ba ne, bakin ruwa ma haka da zarar la'asar ta yi.

Hanya kuma tana da nata ƙa'ida. Daga Yamai zuwa Diffa kusan kilomita 1,360 ne, daga Damagaram kusan 470, ta Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa. Ka tashi da safe yadda za ka shiga gari rana na sama. Gabas da Diffa, wajen Geskeru da Tumur da Bosso da Ngigmi, lamarin ya fi tsanani, kuma an sha taka nakiya a hanyoyin ƙasa. Kada motarka ta zama ta farko da za ta bi irin wannan hanya da sassafe, kada ka bi sawun ayarin soja kurkusa, kada ka kauce daga inda tayoyi suka saba bi. Ka guji kwana a ƙauye. A watan Nuwamban 2018 an kashe mutum 8 a Tumur, akasarinsu ma'aikatan haƙar rijiyoyi da ke aiki da kamfanin Foraco, cikin dare a masaukinsu. 'Yan Nijar ne, ruwan sha suke samar wa 'yan gudun hijira. Wanda ke cewa ni baƙar fata ne, Musulmi ne, alheri na kawo, ba wanda zai taɓa ni, ya tuna da su.

Satar mutane don kuɗin fansa ita ce babbar damuwar mutanen jihar, kuma akasarin waɗanda ake ɗauka 'yan ƙasa ne: manoma, makiyaya, 'yan kasuwa, mata da yara irin waɗanda aka kwasa a Ngalewa a watan Yulin 2017. Baƙon da ake zaton yana da kuɗi ya fi kowa tsada. Masu ɗaukar mutum ba sa zuwa da ka, sai an ba su labari, kuma labarin daga bakin mutum yake fita. Kada ka faɗi ranar tafiyarka a majalisar mai shayi, kada ka sanar da direba inda za ku sai kun kusa tashi, kada ka sa hotonka a Facebook kana wurin. Mutum biyu sun isa su san motsinka: mai masauki da wani naka a gida, kuma ku yi alƙawarin lokacin da za ka kira. Ka riƙa sauya lokacin fita da hanyar komawa. Kuɗi kuma ka tura ta Nita ko Amana ko banki, ka karɓa kaɗan-kaɗan. A Diffa ana cinikin naira da sefa tare, to canji ma mai masauki ya nuna maka wurin wa za ka yi, kada a gan ka kana ƙirga damin kuɗi a bainar jama'a. Baƙon Bature ya ƙara kula da gidan da zai zauna, domin a Agadas a 2025 daga gidajensu aka ɗauki wasu Turawa mata biyu da suka daɗe a garin.

In ka ji harbi, ka kwanta ƙasa nesa da taga, kada ka fito kallo, kada ka ruga wurin da abu ya fashe. In an tare ku, ka ba da abin da aka nema ba tare da gardama ba. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18. Ka riƙe layin waya biyu na kamfani daban-daban, don sabis yakan ɗauke a wajen gari.

Ƙananan ɓarayin waya da 'yan sane suna nan kamar kowace kasuwa, hankali ya ishe su. Ruwan sha ne ya fi cancantar kulawa, domin cutar hanta nau'in E ta ɓarke a jihar a 2017, zazzaɓin sauro kuma yana tsananta in ruwa ya kwanta.

Direbanka da tafinta da mai masauki su ne za su zauna da abin da ka bari in ka tafi. Kada ka ambaci sunan wanda ya gargaɗe ka, kada ka sa wani ya bi hanyar da kai ba za ka bi ba don ya kawo maka kaya ko rahoto, kuma in direba ya ce yau ba zai fita ba, ka biya shi kuɗin yininsa ku jira gobe.