Ladabin Wasan Labari na Karɓa-karɓa

Akwai wani wasa da matasa masu son rubutu suke shiga yanzu, wanda iyaye da malamai da yawa ba su san da zamansa ba. Mutum biyar zuwa takwas za su haɗu a kan labari ɗaya, kowa ya riƙe tauraro guda. Wannan ya rubuta abin da tauraronsa ya faɗa ko ya aikata, ya dakata, na gaba ya karɓa ya rubuta martanin nasa. A kansu akwai jagora. Shi ba ya riƙe da ko ɗaya daga cikin manyan taurarin, amma gari nasa ne, daji nasa ne, ruwan sama da ɓarayin hanya da duk baƙon da za a ci karo da shi a hannunsa suke, kuma shi ke raba gardama. Wasu a littafi suke yi yana zagayawa hannu zuwa hannu, wasu ta waya. Labari ɗaya yakan ci watanni.

Ni malamin adabi ne, kuma jagorancin irin wannan wasa ya zama wani yanki na aikina da ɗalibai da marubuta masu tasowa. Ina son sa ƙwarai, domin ban ga abin da ke koya wa yaro gina tauraro da sauraron muryar wani kamarsa ba. Shi ya sa yake yi mini ciwo idan na ga wasa mai daɗi ya mutu a tsakiya, mutanen da suka fara da zumunci sun rabu ba sa ga-maciji. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: wani ya shiga gonar wani.

Wasan yana da asali. A 1959 Allan Calhamer ya fitar da wasan Diplomacy a Amurka, inda mutum bakwai ke riƙe da manyan ƙasashen Turai na gabanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1963 John Boardman ya fara gudanar da shi ta gidan waya daga New York: kowa ya aiko da umarninsa a wasiƙa, alƙalin wasa ya haɗa su ya fitar da sakamako. A 1974 kuma Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ya yaɗa tsarin da kowa ke riƙe da mutum ɗaya, jagora na riƙe da duniyar. Daga haɗuwar waɗannan biyu ne wasan rubutu na bi-da-bi ya samo siffarsa, kuma ƙa'idojinsa ba a zaune aka ƙaga su ba, rigingimun da aka sha ne suka haife su.

Labarin da na fi yawan shimfiɗa wa ɗalibaina shi ne na ayarin fatake da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19. Wani ya zama madugu, wani jagaba mai sanin hanya, wani uban dawaki, wata kuma matar da ke bin ayarin tana sayar da abinci a zango. Da shi zan ba da misali.

Babbar ƙa'ida, wadda in an riƙe ta rabin fitina ta kau, ita ce: ikonka ya tsaya a kan tauraronka. Ka ɗauka madugu da jagaba sun yi sa-in-sa a kan ko a ƙetare Kogin Kwara yau ko a kwana a bakin ruwa. Mai riƙe da madugu ya rubuta cewa madugu ya daka wa jagaba tsawa, jagaba ya tsorata, jikinsa ya hau rawa, ya durƙusa yana ba da haƙuri. To, ya yi ɓarna. Tsawar tasa ce, yana da iko da ita. Amma tsoro da rawar jiki da durƙuso na jagaba ne, kuma jagaba yana da mai shi, wanda wataƙila ya yi makonni yana gina shi a matsayin mutum mai taurin kai da ba ya risina wa kowa. Cikin layi biyu an rushe masa ginin, an kuma bar shi da zaɓi biyu marasa daɗi: ko ya haɗiye, ko ya fito ya ƙaryata abin da aka riga aka rubuta.

Yadda ya kamata shi ne madugu ya daka tsawar, ya ɗaga bulala in ya ga dama, ya tako gaba, sannan alƙalami ya tsaya. Yunƙuri kake rubutawa, ba sakamako ba. Ka ce ya kai masa duka, kada ka ce ya same shi. Ka ce ta miƙa masa ƙwaryar fura tana murmushi, kada ka ce zuciyarsa ta kamu da sonta. Sabon ɗan wasa yakan ga kamar wannan ya rage wa rubutunsa ƙarfi, kuma na fahimci dalilinsa, tunda a ƙagaggen labarin da ya saba rubutawa shi kaɗai, kowa a tafin hannunsa yake. Amma daɗin wannan wasa gaba ɗaya yana cikin wannan tsayawar. Ka ɗaga bulala, ka kwana ba ka san abin da jagaba zai yi ba. Gobe ka tarar ya riƙe bulalar, ko ya yi dariya, ko ya juya ya tafi da rabin jakunan ayarin. Abin da ba za ka taɓa ƙagowa da kanka ba ke nan.

Ƙanin wannan laifi shi ne tauraron da ba ya faɗuwa. Kibiya ba ta samunsa, zazzaɓi ba ya kama shi, ya iya kowane harshe daga Nufanci har Dagwambanci, kuma duk dabarar da aka ƙulla masa ya riga ya hango ta. Irin wannan yana gajiyar da kowa, domin babu abin da saura za su yi da zai taɓa shi. Nakan buƙaci kowane ɗan wasa ya rubuta mini rauni biyu na tauraronsa tun kafin a fara, kuma ina sa ido in ga raunin ya yi aiki a cikin labarin. Idan kuma taurari biyu suka kara, aka rasa mai sassautawa, sai hukunci ya dawo wurina. Wani lokaci nakan duba abin da ya fi dacewa da labarin, wani lokaci a jefa ƙwayar ludo a gaban kowa, ba kuɗi ba caca, wanda ta ba shi ya yi nasara.

Sai batun sani. Kai ɗan wasa kana karanta komai, har da fitowar da uban dawaki ya keɓe da ɓarayi cikin dare ya sayar musu da sirrin ayarin. Amma tauraronka yana barci a lokacin. Idan gari ya waye ka sa shi ya nuna uban dawaki da yatsa ba tare da ya ga sawu ko ya ji ƙishin-ƙishin ba, ka yi amfani da abin da ba nasa ba, ka kuma kashe wa abokinka makircin da ya ɓata lokaci yana ƙullawa. Riƙe sirrin da ka sani, ka bar tauraronka ya ci gaba da cin tuwo da maci amanarsa, yana daga cikin abubuwan da nake gane gwani da su.

Wanda ya fi wuya, wanda kuma ya fi raba zumunci, shi ne raba mutum da tauraronsa. Mu da muka tashi muna kallon tashe mun san wannan tun muna yara: yaro zai manna gemun auduga ya ɗauki sanda yana tafiyar tsofaffi, ba wanda zai ce ya raina kakansa. Amma a rubuce, inda ba a ganin fuska, abin yakan rikice. Tauraron wata ya zagi tauraron wani, sai mai shi ya ɗauka da shi ake. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi muni: mutum yana jin haushin abokinsa a zahiri, sai ya fake da tauraro yana yaɓa masa magana, in an yi magana ya ce ai wasa ne. Dokata a nan ba ta da sassauci. Maganar cikin labari tana da wurinta, maganar 'yan wasa tana da nata wurin daban, ba a cakuɗa su. Wanda ke da ƙorafi ya kawo mini shi da bakinsa, ba da bakin madugu ba. Haka nan soyayyar da taurari biyu suka yi a takarda ba ta ba wa wani izinin bin wata da saƙonni a waje ba. Wanda ya yi haka ina cire shi a ranar.

Keith Johnstone, malamin wasan kwaikwayo, ya yi dogon bayani a littafinsa Impro na 1979 a kan yadda ɗan wasa ke toshe abin da abokinsa ya miƙo masa. A wasanmu ma haka ne. Idan wata ta rubuta cewa ta hango hayaƙi a gabas, kada ka ce ai ƙura ce a wuce. Karɓi hayaƙin ka ɗora wani abu a kai. Kuma ka mutunta zamanin da aka shimfiɗa: ayarin da ke ciniki da wuri ba ya haɗuwa da mota.

Lokaci ma hakki ne. A Diplomacy na gidan waya akwai ranar rufe karɓar umarni, wanda bai aiko ba rundunoninsa sukan tsaya inda suke, wasa ya ci gaba. Ni kwana biyu nake bayarwa. Uzuri ba laifi ba ne, jarrabawa takan zo, wuta takan ɗauke, rashin lafiya ba ta sallama. Laifin shi ne ɓacewa shiru, mutum shida na jiran amsar tambayar da aka yi wa tauraronka. Layi ɗaya ya isa: ba na nan mako guda, a kwantar da tauraron nawa a zango. Mai saurin hannu kuma ya yi haƙuri, kada ya jero rubutu huɗu kafin wani ya yi ɗaya.

Kafin a rubuta kalmar farko, ina zama da 'yan wasa mu yanke abin da ba zai shiga labarin ba ko kaɗan, da abin da za a ambata a wuce ba tare da an zayyana ba. Batsa ba ta shiga. Izgili ga addinin kowa ko ƙabilar kowa ba ya shiga. Ba a sa sunan mutum na gaske. Idan akwai masu ƙananan shekaru, iyaka takan ƙara matsewa, kuma iyayensu su san da wasan. Akwai kuma dabarar da John Stavropoulos ya fito da ita ga masu wasa a tebur: kati mai alamar X, duk wanda wani abu a labarin ya sosa masa rai sai ya taɓa shi, a janye abin ba tare da an tambaye shi dalili ba. Na ɗauki wannan da muhimmanci sosai. A cikin ɗalibanmu akwai waɗanda harin 'yan bindiga a hanya ba labari ba ne a wurinsu, abu ne da ya taɓa gidansu. Ba zan tsare yaro sai ya buɗe mini cikinsa a gaban jama'a kafin in sauya fitowa ɗaya ba. Saƙo ɗaya zuwa gare ni ya wadatar, ɓarayin su zama ambaliya, ayari ya ci gaba da tafiya.

Ga 'yan uwana masu jagoranci, ƙa'idojin nan sun fi hawa kanmu. Kada jagora ya saka nasa tauraron ya mai da shi gwarzon labarin. Kada ya fifita wanda ya fi iya rubutu, domin mai rauni ne ya fi buƙatar a buɗe masa fage. Gyara a keɓe ake yin sa, yabo a fili. Ba a kashe tauraron mutum sai an yi shawara da shi. Idan hukunci ya fita, a faɗi dalilinsa a taƙaice, kuma abin da aka hana wa wannan jiya kada a halatta wa wancan yau.

Abu na ƙarshe da nake sa a rubuta tun ranar farko shi ne mallakar labarin. Wani lokaci wasa yakan yi kyau har wani ya so ya gyara shi ya buga, ko ya mai da shi fim. Sai a amince tun da wuri cewa ba mai fitar da shi waje sai da yardar duk wanda ya sa hannu, sunan kowa zai fito, kuma wanda ya bar wasan a tsakiya shi zai faɗi ko a ci gaba da amfani da tauraronsa ko a sallame shi daga ayarin. Kowa ya sa hannu a takardar, ni ma in sa, sannan in rubuta fitowar farko.