Me Ke Sa Hoton Da Aka Ɗauka Da Dare Ya Fito Da Ɗige-Ɗige?

Ɗige-ɗigen da ke bayyana kamar yashi a hoton dare, asalinsu ƙarancin haske ne. A cikin kowace kyamarar dijital akwai wani faranti mai miliyoyin ƙananan idanu, kowanne yana tara hasken da ya faɗo masa. Shi kuwa haske ba ya sauka daidai wa daida. Kamar yayyafi yake, wani ido ya samu da yawa, maƙwabcinsa kaɗan. Da rana bambancin ba ya fitowa, amma a duhu sai ya bayyana ƙarara. Ga kuma 'yar hayaniyar lantarkin kyamarar kanta, wadda zafi ke ƙara wa ƙarfi.

Ɗaga lambar ISO, wato saitin da ke sa hoto ya fito da haske, ba ya ƙara hasken da farantin ke tarawa ko kaɗan. Tamkar ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kama sosai: magana ta ƙaru, shuuu ma ya ƙaru.

Shi ya sa ƙwararru ke son babban faranti da ya fi tara haske, mai milimita 36 da 24, irin na Nikon D3 da ta fito a 2007, wadda ke kaiwa ISO 25,600. Gilashin gaba ma yana da tasiri, domin buɗewar f/1.4 tana shigar da haske ninki huɗu na f/2.8, kuma duk sa'ad da haske ya ninka huɗu, tsabtar hoto kan ninka biyu.

Manhajar goge ɗige-ɗige tana taimakawa, sai dai idan aka zarce takan share zaren tufa da gashin gira, fuska ta koma kamar ta roba.