Sauya Matatar Hayaƙi a Motar da Aka Yi wa Gyaran Fuska

Matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da curin taliya, tukunya ce da ke kan bututun salansa. An shafe ƙananan ramukanta da ƙarafa masu daraja, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke rage gubar hayaƙi idan zafi ya haura digiri 250. Tun bayan cire tallafin fetur a 2023, masu motoci da dama sun mayar da injinansu na iskar gas, kuma da yake sinadarin mitan da ke cikin gas ya fi wuyar ƙonewa a matatar, ya kamata mai sayen matata a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya faɗa wa ɗan kasuwa girman injinsa da irin man da yake sha, sannan ya girgiza tukunyar, domin kwaramniya alama ce ta fashewar ciki.

Kafin a ɗaura sabuwa, wajibi ne bakanike ya gano abin da ya kashe tsohuwar, ko filogi mai yanke wuta ko injin da ke shan baƙin mai, in ba haka ba sabuwar za ta bi sahunta. A mayar da na'urorin auna iskar oksijin mazauninsu, a kuma tabbatar walda ba ta yoyo.

Direban garin Kaugama da ke bin hanyoyin fadamar Hadeja da damina yana da ƙarin dalilin hattara, domin ruwan sanyi kan tukunya mai zafi yana iya tsaga cikinta, musamman a motar da aka rage wa tsayi.