Yadda Ake Sa Wa Saƙa Geza

Jama'a, musamman iyayenmu mata da 'yan mata masu riƙe da kwarashi, ga wani abu da ake yawan rainawa. Sai mace ta ɓata makonni tana saƙa shawul ko tuma-ƙasa, in ta zo baki kuma ta yi masa aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Alhali mai saye a kasuwa bakin yake fara juyawa ya duba kafin ya taya.

Kada a fara ɗaura geza a kan saƙa haka kawai. A bi gefen duka da layi ɗaya na gajeren sari, ido bayan ido, ba tsallake. In an iso kusurwa a zuba sari 3 a ido guda, don kada ta naɗe. Idan gefe ya yi tattara, sarin ya yi kaɗan; idan ya yi falfala, ya yi yawa. A warware a sake, ba abin kunya ba ne. A kan wannan layi geza za ta zauna.

Sai yankan zare. Tun da ninka shi za a yi, a yanka ninki biyu na tsawon da ake so, a ƙara inci 1 saboda ƙulli. Mai son geza inci 4 sai ta yanka inci 9. Ba sai an auna ɗaya bayan ɗaya ba. A sami kwali mai faɗin inci 4 da rabi, a naɗa zaren a jikinsa ba tare da an ɗame ba, a datse gefe guda da almakashi. Ulu yana miƙewa in an ja shi, saboda haka wadda ta ɗame za ta tarar gezarta ta gajarce.

A ɗebi sili 3 ko 4, a ninka, a zura kwarashi a ido, a jawo ninkin, a cusa jelar a ciki, a tsuke. Kullum ta fuska ɗaya za a riƙa zurawa, in ba haka ba ƙulli zai saɓa, wani gaba wani baya. Mai son ƙarin ado sai ta raba kowane tuntu biyu, ta ƙulla rabinsa da rabin maƙwabcinsa, ya fito kamar raga.

Amma a kula da kayan jarirai. Zare sakakke yakan naɗe yatsan jariri har ya kumbura, ko ya tsinke jaririn ya kai shi baki. A nan geza ta sarƙa ta fi: a yi sarƙa 10 ko 12, a mayar a kama a ido na gaba, haka har a zagaye. Ba yanka, ba abin da zai zube.

Ulun roba da ya cika kasuwa yana da araha, amma narkewa yake in ya kusanci wuta, don haka mai geza a mayafi ta tattara shi kafin ta durƙusa gaban murhu. Zaren auduga kuwa yakan ɗan tsuke a wankin farko, ja da baƙi kuma wani lokaci sukan zuba. A jiƙa guntu a ruwa a gani tukuna. Sai an wanke da hannu, an shanya a kwance a inuwa, an taje da yatsu, sannan a daidaita jelar da almakashi.