Binciken Kifin Shak: Tef ɗin Awo Ya Fi Kayan Nutso Aiki

Tambaya biyu ɗalibai suka fi aiko mini: sai mutum ya iya nutso kafin ya shiga wannan fanni? Kuma shak bai taɓa kai mini hari ba? Fim ɗin Jaws na 1975 ne ya bar mana wannan tsoro. Mutanen da shak ke kashewa a duniya baki ɗaya ba kasafai suke wuce goma a shekara ba, mu kuwa muna hallaka kimanin miliyan 100 nasu.

Mafi yawan shak ɗin da na sa wa hannu matattu ne. Aikina a bakin ruwa yake, inda masunta ke sauke kamu a gaɓar yammacin Ghana, garuruwa irin su Shama, Dixcove da Axim. Kwalekwale na isowa za ka durƙusa cikin yashi, ka ja tef daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, ka kifa shi ka duba ciki ka gane namiji ne ko mace, ka yanki ɗan fiffike ka jefa a kwalba don gwajin ƙwayoyin halitta. In mai kifin ya yarda, ka ɗebi gaɓoɓin gadon bayansa, guringuntsi ne ba ƙashi ba, don a jikinsu ake ƙirga shekarunsa kamar zoben cikin kututture. Duk wannan da hanzari, domin dillali na tsaye da wuƙa. Da ya sare fikafikan da za su ƙare a kasuwar Hong Kong, aka saɓe naman zuwa wurin gishiri don yin kako, wato busasshen kifi mai gishiri, gane nau'in kifin ya zama jan aiki, tunda nau'o'in sun haura 500.

Abin da ba a koyarwa a aji shi ne zama da masunta. Ranar da suka ɗauke ka ɗan leƙen asirin gwamnati, buhu za su rufa wa kifin, ka koma da littafinka fayau. Gaisuwa da haƙuri ne jarinka, kuma kada ka yi wa mai neman abincin iyalinsa wa'azi.

Dalilin duk wannan awo shi ne shak ba ya saurin haihuwa. Na tekun Girinlan sai ya kai wajen shekara 150 kafin ya balaga. Ga kuma yawan kamu, shi ya sa a 2021 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta bayyana cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na shak da danginsa na fuskantar ƙarewa. A taron CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji, na Fanama a 2022 an sa dokar neman izini kan cinikin nau'o'i da dama, izinin kuma ba ya samuwa sai da alƙaluma, ga shi na gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ƙalilan ne.

Don haka, ƙanina, ƙanwata, ku riƙe ilimin halittu ko na kiwon kifi, amma ku fi ba ilimin ƙididdiga da manhajar R ƙarfi. Wanda ya iya awon tarwaɗa a tafkin Kainji ya riga ya yi rabin tafiya. Ku nemi horo a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas ko Jami'ar Cape Coast. Nutso a koya daga baya. Batun kuɗi kuwa, guraben dindindin kaɗan ne, yawancinmu da tallafin bincike na shekara ɗaya ko biyu muke tafiya, saboda haka ku koyi rubuta takardar neman tallafi tun kuna makaranta.